Sunan da Aka Yi Ba Turare

Ranar wata Juma'a ce cikin zafin shekarar 2007. A Dubai lokacin Juma'a ce ranar hutu, ita muke zuwa ibada. Mun dawo daga coci ke nan, ko takalmi ban cire ba, na tarar da Tanti Hadiza, matar da muke zaune gida ɗaya da su, ta baje a tsakiyar falo da tsohon cikinta, ta miƙe ƙafafu, kwalaye kewaye da ita. Kwalaben humrarta take naɗewa ɗaya bayan ɗaya cikin tsofaffin jaridu tana jerawa a kwali. Mama ta ajiye jakarta ta shiga kicin, ta fito rungume da robar daddawa da yaji da busasshen kifi, har da ɗan man shanun da take ta lallaɓawa tun zuwanmu gida na ƙarshe. Ni, mai shekara tara, aka miƙa wa salatif aka ce in liƙe kowane kwali kada iska ta fita. Mijin Tanti, Tonton Isufu, yana ta duba agogo, don so yake ya kai kayan shagonsa na Deira kafin lokacin masallaci. Baba kuwa yana tsaye bakin ƙofa yana maimaita cewa abin bai kai haka ba, amma ko kallonsa babu wadda ta yi.

Gidan nan a wani bene yake a Al Nahda, dab da iyakar Sharjah, ɗaki biyu da falo da kicin ɗaya. Mu mutanen Wusasa ne, Kirista, su kuma 'yan Maraɗi, Musulmi, shi ya sa nake ce musu Tanti da Tonton yadda yaran can suke faɗa. Haya ce ta haɗa mu, amma kafin shekara ta zagayo ba ka iya gane tukunyar wa ce a kan wuta. In azumi ya zo Mama ce ke dama kunun buɗa-baki, in Kirsimeti ta zo Tonton ne ke zuwa kasuwa ya yanko mana kaji. Ba mu da tsakar gida, sai doguwar hanyar da ke tsakanin ƙofofi, inda nake zana 'yar gala-gala da alli muna tsalle da yaran Indiyawa da na Sudan har maigadi ya hawo ya kore mu. In rana ta yi sanyi mu sauka filin yashin da ake ajiye motoci, mu yi ta guje-guje, mu ƙare a shagon ƙasan bene muna tsotsar ƙanƙara mai zaƙi. Aikina a gida shi ne shanya a baranda, da wanke kofuna, da riƙe wa Tanti mazurari in tana ɗura humra.

Baba yana aiki a wani katafaren kamfanin sinadarai na Turawa da ke da reshe a Jebel Ali. Kamfanin na yin abubuwa barkatai, fenti da roba da wasu da ban san sunansu ba, amma Baba a ɗan ɓangaren abinci yake, inda ake haɗa bitamin da ake zubawa a fulawa da man girki da madarar jarirai, da ƙanshin da ake sa wa biskit da lemo. A makaranta in an tambaye ni aikin babana, cewa nake shi ke sa wa biskit ƙanshi, kuma da ɗaga kai nake faɗa. Yana cikin 'yan mutanen da ake riƙewa saboda hancinsu da harshensu. Wasu bitamin suna da ƙarni, in an zuba su a madara jariri zai iya ƙin sha, to sai an lulluɓe ƙarnin, kuma na'ura ba ta iya faɗar ko ya lulluɓu. Sai a jera wa su Baba ƙananan kofuna uku, biyu iri ɗaya, su shinshina su ɗanɗana su nuna wanda ya fita daban. A gida kuwa hancin nan ya ishe ni. In na sha alawa a hanya, ina shigowa zai ce, "Rahila, yau kuma ta lemon tsami ce."

Ita ma Tanti da hanci take cin abinci. Humra da turaren wuta take haɗawa, matan 'yan kasuwa daga Deira da Rigga suna zuwa saye, wasu su aika gida ta kago, wato jirgin kaya. Kullum bayan magariba sai ta hura gawayi a kasko ta zagaya gidan, har labule da kujeru da littattafan makarantata suka kama. Ita da Baba ba sa rabuwa da tsokana. Ta ce shi ma ɗan haɗa turare ne, farar riga kawai ya fi ta. Shi kuma ya shinshina kwalba ya ce ta cika sandal, ta fizge abinta ta ce ya tsaya a biskit ɗinsa. Amma na lura in ta tashi haɗin gaba takan rage sandal ɗin.

A shekarar nan ne kamfanin ya yanke shawarar sayar da ɓangaren abincin ga wani kamfani, ya tsaya kan robarsa da fentinsa. Sababbin masu shi suka ce ba kowa za su ɗauka ba, sai an sake gwada hanci da harshen masu ɗanɗano, wanda ya ci gwajin ya zauna. A Dubai aiki shi ne biza. In Baba ya faɗi, tawa da ta Mama sun faɗi tare da tasa, in bar makarantata a tsakiyar zango, mu kwashe mu koma Zariya. Ba a ɓoye min ba, kuma na ji tsoro, don ni ban san wani gida ba sai wannan. Ƙa'idar da aka ba su Baba ba ta da yawa: ranar gwajin kada su sa turare, kada su ci yaji ko su sha kofi da safe. Safiya guda ke nan. Amma Mama da Tanti suka zauna a kicin suka yanke cewa Bature bai san daddawa ba, bai kuma san turaren Maraɗi ba, wanda ake wanke zani yana nan daram. In safiya ɗaya ta ishi mai cin burodi, mai cin miyar kuka sai ya yi wata. Abin da ya kai mu ga kwalayen ranar Juma'ar nan ke nan.

Ban taɓa cin abinci mai ban haushi irin na kwanakin nan ba. Farar shinkafa da mai da gishiri, dafaffen dankali, tuwo da miyar kuɓewar da ba daddawa ba barkono, tana ta yauƙi ba gaira ba dalili. Aka wanke labule, aka shanya katifu, aka sayo sabulu marar ƙanshi. Tonton, mutumin da ke yawo da ƙullin yaji a aljihu, ya koma cin abincinsa a Deira, ya kuskure baki kafin ya hawo. Ni aka hana ni cingam. Baba ya yi ta bayani har ya gaji, ya ce hanci ba tulu ba ne da za a wanke a kife, Mama ta ce ya ci abincinsa ya bar musu wannan ɓangaren.

Ana cikin haka Tanti ta haihu, mace, kuma da aka duba sai suna ya faɗo jajibirin gwajin. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin maijego ya san abin da wannan ke nufi, balle maijegon da turare ne sana'arta. Matan da za su zo sunan su ne masu sayen kayanta, kuma ranar ce ya kamata ta nuna musu iyakar abin da ta iya. Baba ya haɗa 'yar jakarsa, ya ce zai je unguwar International City wurin wani abokin aikinsa ya zauna har a gama, a yi suna yadda ake yi. Ya tsaya daga bakin ƙofar ɗakinta ya yi sallama ya gaya mata.

"Baban Rahila, ajiye jakar nan," in ji Tanti. "Ɗiyata ba za ta kori uba daga gidansa ba tun ba ta san sunanta ba."

"Hajiya, gaskiya nake gaya miki, safiyar ranar kawai suka ce. Ki yi turarenki, ba abin da zai same ni."

"Na ji, kuma na yarda da kai. Amma in ka je ba ka ci ba, ni zan zauna ina tambayar kaina ko hayaƙina ne, har in mutu. Bon, kalas, an gama magana."

Baba ya koma ɗaki da jakarsa. Tanti ta sa Tonton ya bi mata da waya gida-gida yana gaya musu a zo suna, amma ba humra ba feshi. Wasu suka ɗauka wasa ne, wasu suka yi fushi suka ƙi zuwa. Ragon sunan a mahauta aka yanka, aka soya a gidan wata ƙawarta a Sharjah, aka rarraba daga can. Matan da suka zo sun ci ado, leshi da gwal, amma suna zaune a falo kamar an ƙwace musu wani abu. Wata hajiya ta shigo ta ja hanci sau biyu ta ce, "Wannan suna ne ko asibiti?" Tanti ta yi dariya, ta gaya musu a fili cewa hancin maƙwabcinta ne ke riƙe da mutum uku a ƙasar nan, kuma ita ta sa dokar, ba wani ba. Wata da ta zo tana tashin ƙanshi, Mama ta lallaɓa ta ta shimfiɗa mata darduma a baranda, a can aka kai mata jaririyar ta gani. Nana Aisha aka sa mata. Ina zagayawa da faranti na dabino ina jin ana raɗa, kunya ta kama ni a madadin Tanti, amma ita ko a jikinta.

Washegari Baba ya sha ruwa da burodi ya bi bas ɗin kamfani kamar kullum. Mama ta shiga ɗaki da addu'arta, Tanti na nata ɗakin da carbi da jaririya. Ni a makaranta ban fahimci komai ba ranar nan. Da yamma muka ji makulli a ƙofa. Baba ya shigo fuskarsa ba ta nuna komai ba, ya wuce mu ni da Mama, ya tsaya a ƙofar Tanti ya ce, "Hajiya, ina kaskon nan?" Nan muka gane ya ci gwajin. Guɗar da ta rangaɗa sai da jaririyar ta farka. Tonton ya zura takalmi ya nufi Deira ya kwaso kwalaye, ni na yayyage salatif ɗin da na liƙa da hannuna. Tanti ta zuba turare a garwashi ba awo, hayaƙi ya cika falo ya fita ta ƙarƙashin ƙofa, ƙararrawar gobara ta benen ta ɗauka. Maigadi ya hawo a guje da tukunyar kashe wuta, ya same mu muna dariya muna tari. Mama ta kaɗa miyar kuka da daddawar da ta isa gida uku, Baba yana ci yana gumi yana atishawa yana neman ƙari. Wasu daga matan da suka yi fushi sun daɗe ba su dawo sayen humra ba, kuma ban taɓa jin Tanti ta ambaci haka a gaban iyayena ba.

Tun daga lokacin an sake sayar da ɓangaren nan, ya canza suna, har Baba ya yi ritaya ya koma Wusasa yana cin yajinsa yadda ya ga dama. Su Tanti sun koma Maraɗi, Nana Aisha ta fi uwarta tsawo. Ni na gama makarantar da na ji tsoron bari, yanzu ina aiki a nan Dubai, ina zaune ni kaɗai a wani dogon bene, kicin nawa ne, ba mai taɓa min tukunya, kuma ba zan ce ba na jin daɗin hakan ba. Kwanan baya na ga maƙwabcina da matarsa da yaransu suna loda akwatuna a lif, sai a bakin maigadi na ji cewa aikinsa ne ya ƙare, biza ta tafi da shi. Shekaru ƙofarmu na kallon juna, ban san ko me yake yi ba, ban san akwai abin da yake tsoro ba. A gidanmu na Al Nahda da tuni wani ya bar wani abu dominsa.