Ruwa Ya Yi Gyara

A shekarar da aka fara sako ruwa cikin kanal ɗin bayan gidanmu, a shekarar ce kakata Iya ta dawo wurinmu da zama. Ina tuna hakan sosai, domin ranar da ruwan ya iso, duk ƙauye ya fita kallo, ita kuwa ta ƙi fita. Ta ce ba ta taɓa ganin ruwan da ke zuwa da rani ba, sai ya fara zuwa ya gaishe ta.

Bayan sallar isha'i mukan kewaye murhunta. Tana tura karan dawa cikin wuta, tana juya mana dankali a toka. Ni take kira maigida, ta ce wai miji ne ni amma ko goron kasuwar Bunkure ban taɓa sayo mata ba. In mun natsu sai ta ce, "Ga wata nan tafe." Mu ce ta iso, muna ji.

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ita ce ta kunkuru. Dabbobi suka naɗa shi ya kula da tafkinsu. Wata rana gafiya ta huda gaɓar tafkin, ruwa ya soma zurarewa. Aka tashi agwagwa da kwaɗo su je su faɗa masa. Kunkuru mai fara'a ne, ya shimfiɗa musu tabarma, ya ba su goro, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, yaya ruwa? A nan Iya takan maƙale murya irin ta kwaɗo, ta sunkuyar da kai ta ce, "Ruwa ya yi gyara, ranka ya daɗe." Mu yi ta dariya. Suka koma gida aka tambaye su ko sun faɗa masa, suka ce ai sun gaisa. Haka aka yi ta aike ana gaisawa har tafki ya zama fako.

Sai ta tambaye mu laifin wa. Mu haɗa baki mu ce na kunkuru.

"Shi kaɗai, maigida?" in ji ta. Ta kore mu, ta ce ta ƙare, kowa ya nemi tabarmarsa.

Iya ta daɗe da rasuwa lokacin da kwalbatin hanyar gonakinmu ya toshe. In bai buɗe kafin damina ba, ruwan sama ba shi da mafita sai cikin shinkafarmu. Gyaransa ya fi ƙarfin fartanya, aikin ƙaramar hukuma ne. Muka tura dattawa uku wajen kansila, yaron da ya tashi a gabansu, ɗan aminin Baba Sale, babbansu. Da suka dawo na tare su a bakin kanal, na tambayi Baba Sale yadda aka yi. Ya ce yaron akwai ladabi, har ƙasa ya durƙusa, ya sa aka kawo musu lemo. Na ce, maganar kwalbatin fa?

"To, ai mun gaisa. Ya san abin da ya kai mu."

Na ji kamar Iya ce a bayana tana juya dankali.

Da muka ga hadari ya fara haɗuwa, muka koma da yawanmu, har da 'yan ajinmu na yaƙi da jahilci. Muka gaisa yadda ya kamata. Da kansila ya ce yaya ruwa, na ce masa ruwa zai ci mu, kuma mun zo jin ranar da za a fara aiki. Bai ji daɗi ba, Baba Sale ma bai ji ba. Amma ya sa rana, muka riƙa zuwa muna tuna masa, aka gyara.

Sai dai ruwan farko ya riga injin haƙa isowa. Yanzu nakan ga kunkuru yana da laifinsa, amma shi ma amsar da aka ba shi ya riƙe. A daminar nan mun rasa shinkafar gonaki tara, da katangar makarantar yara, da awaki biyu na wata bazawara, da rumbun Baba Sale.