Halin Kunkuru

A daminar shekarar 2000, wata Asabar da ruwa ya cika kwatocin Agege har okada ta kasa shiga layinmu, Kawu Bala ya dawo daga aikinsa a Ijora da na'urar gem a cikin kwali. Kafin ya gama haɗa ta da talabijin, mu yaran gidan hayar mun cika ɗakinsa da jiƙaƙƙun ƙafafu. Gem ɗin na faɗa ne, kowa ya zaɓi gwaninsa a gwabza. Ba ma iya karanta sunayen mayaƙan, don haka Yaya Sani, ɗan maƙwabtanmu da ya girme mu duka, ya ɗora wa kansa aikin raɗa musu suna da karanta halinsu. Mai jan ɗankwali zuciya ce da shi, mai takobi munafuki ne, ƙaton nan mai ƙirji kuwa jarumi ne, shi ya sa ya zama nasa.

Saura wani tsoho mai doro, wanda ba ya komai sai durƙusawa ya kare fuska. Yaya Sani ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Wannan Kunkuru ne, matsoraci. Na Habu ne, halinsu ɗaya." Aka kwashe da dariya. Kafin mako ya zagayo sunan ya bi ni bakin famfo, ya bi ni Islamiyya, har Iya mai sayar da kifi a bakin titi ta koma kirana Ijapa, wato kunkuru da Yarbanci. Na tsani Yaya Sani a lokacin, tsana ta gaske, irin wadda yaro ke kwana da ita ya tashi da ita.

Sharar ɗakin Kawu aikina ce duk safiya. Idan da wuta, sai in yi wa ɗakin sharar je-ka-na-yi-ka, in kunna gem in zauna da tsohona. A nan na lura da wani jan layi a ƙarƙashinsa, wanda ke ƙaruwa duk lokacin da ya tare duka. Ranar da layin ya cika na danna maɓalli, tsohon ya miƙe ya mayar da dukan gaba ɗaya. Ashe ba tsoro ke durƙusar da shi ba, riƙo ne. Ban gaya wa kowa ba, ko ƙanena.

Na jira har ranar Babbar Sallah, da ɗakin ya cika da baƙi daga Ogba, har da yarinyar da Yaya Sani ke yi wa kwalliya. Na nemi karawa da shi. Ya yi ta jibgata yana waƙar kunkuru, ni kuwa na durƙusa ina kallon layina. Da ya cika, na sakar masa dukan. Jarumin nasa ya faɗi bai ko shura ba, dariyar da aka yi mini ta koma kansa da ƙari. Kawu Bala ya ce, "Ramuwar gayya ta fi gayya zafi." Ban tausaya masa ba, kuma har yau ban ga dalilin tausayin ba.

Yanzu 'ya'yana kowa da wayarsa a kusurwarsa, waya ce ke gaya musu da wane gwani suka yi kama. Babu ɗakin da zai cika, babu wanda zai yi maka dariya, balle ka rama. Yaya Sani yana Abule Egba, ya yi furfura, kuma bai sake kirana da sunan nan ba. Gaskiya ya faɗa da ya ce halinmu ɗaya da tsohon nan, halin ne bai iya karantawa ba.