Baturiyar da ta tuƙa mu zuwa asibiti

Har yau in na ji warin kananzir, unguwar Sharafiyya ta Jidda nake tunawa, lokacin da filin jirgi ke bayan gidajenmu. Jirgi in zai tashi, har kwanukan Umma sai sun yi rawa.

Umma tana yi wa wata Baturiya girki, matar wani makanikin jirage. Ni da ƙanena muna binta kullum. Hannun matar na hagu a ƙone yake, fatar ta tattare kamar ganda. Da Larabcinta na gwaranci ta gaya wa Umma dalili. A babban yaƙin Turawa, ita da wasu mata ne ke ɗauko sababbin jiragen yaƙi daga inda aka ƙera su, su kai wa sojoji. Ba harsashi, ba mai yi musu magana daga ƙasa, sai taswira a kan cinya. Wani jirgin ya kama da wuta tana sauka, a nan hannun ya ƙone. Ƙawayenta da dama sun tashi cikin hazo, ba a sake ganinsu ba.

Umma ba ta yarda ba. A hanya ta ce mini, "Mace da jirgi? Ku dai ji, ku yi shiru."

A Jidda kuwa, ko mota ba a bar mace ta tuƙa. Sai Baturiyar ta wuni a saman bene cikin zafin nan mai ɗanko, tana kallon jirage. Wani lokaci ta sauko ido jawur.

Wata Juma'a da rani, muna gidan Baturiyar, zazzaɓi ya kada ƙanena. Ya sandare, idanu suka juye. Maigidan yana wurin aiki, direba ya tafi masallaci. Umma ta rungume yaro tana salati. Baturiya ta dube su, ta ɗauki makulli, ta kifa hular mijinta a ka.

"Yalla, mu tafi," ta ce.

Ni na riƙe ƙafafun ƙanena a baya. Ban taɓa ganin mutum a natse haka ba. Hannun nan ƙonanne yana riƙe da sitiyari daram. Kusa da asibiti wani askari, wato ɗan sanda, ya tsayar da mu. Ya leƙo, ya ga mace, ya ga yaro na kumfa, ya bar mu muka wuce, amma ya rubuta lambar motar. Umma ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Ta sunne kai har muka isa.

Ƙanena ya rayu.

Kashegari aka kira mijin aka tuhume shi. Kafin sati ya zagayo aka ce matar ta bar ƙasar. Magana ta kai unguwar Hindawiyya wajen danginmu, ta kai tashar jiragen ruwa inda Baba ke dako. Kafilinsa, wanda ya tsaya masa a ƙasar, ya ja masa kunne.

Baba ya dawo fuska a murtuke. "Kada wanda ya sake taka gidan nan. In aka bincika, ke za a kwasa a jefa jirgin ruwa."

"Ko sallama, Malam?" in ji Umma.

"Halas. Na gama magana."

Ba mugu ba ne, tsoro ne. Direban ya gaya mana daga baya cewa Baturiyar ta jira mu a ƙofa har aka yi mata magana jirgi zai tashi. Tana ta tambaya ko yaron ya farfaɗo.

Yanzu an tashi filin jirgin, an yi gine-gine a wurin. Jikata ce ke tuƙa ni asibiti, tana amsa Hausata da Larabci, ba wanda ke ko waiwayenta. Ƙanena ya yi furfura, bai tuna komai ba. Umma kuwa, har ta koma ga Allah, duk bayan salla tana yi wa matar addu'a ba tare da ta iya faɗin sunanta daidai ba. Abin da ke cina shi ne, ban sani ba ko an taɓa gaya mata cewa ya rayu.