Rakiyar da ta tsaya a zaure

Tun ranar da masu bindiga a kan babura suka tare motarmu a hanyar dawowa daga Maradi, ban sake taka ƙofar gida ba. Ba su taɓa ni ba. Sun kwantar da mu a ƙasa, suka kwashe kaya, suka tafi. Amma ko yanzu in na ji ƙarar babur sai in toshe kunnuwana.

Mata suka yi ta zuwa jaje. Kowace ta zauna sai ta ce in ba ta labari daga farko. Da na gaji, sai na daina magana. Nakan juya fuska bango, in kunna wayar da yayata ta bar mini. A cikinta na tarar da wani tsohon fim na Faransanci, fari da baƙi, muryoyin na shuu kamar yayyafi a kan kwano. Mutane na cikin zance sai su ɓarke da waƙa. Ban san sau nawa na kalle shi ni kaɗai ba.

Wata rana Gwaggo, ƙanwar babana, ta zo daga Kornaka. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta zauna bakin katifa, ta leƙa wayar.

"Wannan mai baki buɗe, mi yaka cewa?"

Na ci gaba da kallon wayar. Ta jira.

"Cewa ya yi yana son yarinyar can," na ce.

"Shi da kanshi? Ba shi da manya?"

A fim ɗin, saurayin ya yi kuskuren taga, yana ta rera wa kakar yarinyar waƙa. Gwaggo ta yi dariya har da share ido da bakin zane. Na ci gaba da fassara mata da Faransancin da na koya a lakkwal, makarantar boko. Ta tambaya ko 'yan fim ɗin suna raye. Na ce duk sun daɗe da mutuwa.

"To ki gani, ɗiyata. Kuma ga su suna ta tsalle."

Bayan la'asar ta tashi, kada motar kasuwa ta bar ta. A gidanmu baƙo ba ya fita shi kaɗai, balle gwaggo. Har tasha ake kai ta. Na ɗauki ƙunshinta, na bi ta. Tsakar gida ta yi mini faɗi. Na shiga zaure, na sa ƙafa ɗaya a dokin ƙofa, ina ganin rairayin titi. Sai wani ɗan kabu-kabu ya wuce a kan babur.

Ƙunshin ya faɗi. Gwaggo ta duƙa ta ɗauka da kanta.

"Rakiya ta yi. Ki koma."

Na tsaya ina kallon bayanta har ta sha kwana. Na koma ɗaki, na mayar da fim ɗin wurin tagar nan. Sai da ya yi nisa na lura ina fassarawa da ƙarfi, kuma babu kowa a bakin katifar.