Garin Kwalba

Yayana ya dawo daga kurmi a shekarar da na gama takaba na koma gidanmu, a wani ƙauye kusa da Dungas. Ya daɗe can bakin teku, sai jefi-jefi muke jin labarinsa. Mun sa rai zai zo da babur ko keken ɗinki kamar sauran 'yan ci-rani. Sai ga shi da buhu guda, a cikinsa wasu faranta na yumɓu masu ƙananan ramuka kamar tandar masa, an nannaɗe su da tsumma. Ya ce sana'a ya koyo: narka fasassun kwalabe a mai da su duwatsun wuya.

Baba ya daɗe yana juya tanda ɗaya a hannunsa. "Mu manoma ne," in ji shi. "Aikin wuta na maƙera ne. Bola za ka tara mini a gida?"

"Baba, a ba ni bayan rumbu kawai," in ji Yaya.

Baba ya ba shi, amma bai taɓa leƙa wurin ba.

Yaya ya haƙo ƙasar suri, ya ce ita ce ke jure wuta, ya gina tanderu mai baki biyu, na ƙasa don itace, na sama don jera tanda. Ya bi kasuwanni yana tsintar kwalabe: kore na lemo, masu ruwan ƙasa na maganin tari, da farare. Shuɗiya ita ce mai wuyar samu, sai a ɗan kwalbar man shafawa. In ya samu guda, har cikin gida yake shigowa da ita ya nuna mana.

Zubin farko duk ya lalace. Ya buɗe tanderun da wuri don ɗoki, iska ta bugi duwatsun, muna tsaye muna jin su suna tsagewa, ƙas, ƙas. Daga nan ya riƙa liƙe bakin da laka ya bar shi ya huce da kansa har washegari. Zubi na biyu ma rabi ya fashe, don ya haɗa gilashin taga da na kwalba. A cikin wuta sun narke sun zama abu ɗaya, da suka huce kowa ya ja nasa wuri. Ya ce can inda ya koya an gaya masa ba kowane gilashi ke jituwa da ɗan'uwansa ba, ya ɗauka tsoratarwa ce.

Kafin a zuba a tanda sai an daka kwalbar ta zama gari, a tankaɗe. Yaya ya sa maƙeri ya yanka masa tsohuwar tukunyar gas ta zama turmi, wani ƙarfen mota kuma ya zama taɓarya. Ranar da ya fara dakan, matarsa ta tsaya tana kallonsa tana dariya.

"Malam, haka ake riƙe taɓarya? Ba ni nan kafin ka fasa ƙafarka."

Tun daga ranar daka ya zama nata. 'Yar garin Waca ce, doguwa, mai yawan magana. Ita ta zauna da su Baba duk shekarun da mijinta ba ya nan, kuma ita ta fara sa ni dariya bayan rasuwar mijina. Matar Yaya nake ce mata ko a gabanta, ita kuma ta ce mini ƙanwata. Ni aka ba wa gogewa. In duwatsun sun fito da kaushi, sai in zauna gaban wani faffaɗan dutse in riƙa murza su da yashi da ruwa har su yi santsi. Hannuna kullum a jiƙe, fatar yatsuna ta zaizaye, ina ta ƙorafi nawa aikin ya fi wuya.

Ba a daɗe ba aka gane ta fi Yaya ido. Shi launi ɗaya yake cika rami da shi. A shafa wa tanda farar ƙasa don kada gilashi ya kama, a tsayar da siririn karan ganyen rogo a tsakiyar kowane rami, a zuba gari. In wuta ta ci karan, shi ne ƙofar zare. Ita kuwa sai ta lanƙwasa murfin gwangwani ya zama ɗan mazurari, ta riƙa zuba garin hawa-hawa: ruwan ƙasa a gindi, siririn fari, sannan kore. Wani lokaci ta soka tsinke a gefen ramin, launin sama ya zirara cikin na ƙasa. Kafin a gasa duk garin fari-fari yake, da ƙyar ake bambanta shi. Ita tana ganin abin da zai fito tun bai shiga wuta ba.

"Ta yaya kike sani?" na taɓa tambayarta.

"Ke in kin zuba kuka a tukunya sai kin ɗanɗana kike sanin miyar da za ki samu?"

Matan kasuwar Dungas suka fara tambayar nata. Daga baya wata 'yar koli ta Magarya ta riƙa aiko a tara mata, tana tsallakawa da su Najeriya. Muka yi shekaru a haka. Da rani ake aikin, in damina ta faɗi a rufe tanderu da tsohon kwano a tafi gona. An yi wa ɗakin Inna rufin kwano. Baba ma ya daina cewa bola.

In Matar Yaya tana daka, wani farin abu ke tashi daga turmin kamar hayaƙi. In ta zo tankaɗe ya fi yawa. Yakan kwanta mata a gira da gashin ido, in rana ta haska sai ta riƙa ƙyalli, mu yi ta tsokanarta wai ta yi kwalliya. Takan ɗaure hanci da gefen mayafi, in zafi ya dame ta ta kwance. Wurin kuma a matse yake tsakanin rumbu da katanga, don Yaya ba ya so iska ta kwashe garin, ga hayaƙin tanderu a gefe.

Tarin ya fara kamar na kowa. Aka dafa mata citta da kanumfari. Ya wuce sanyi, ya wuce bazara, bai tafi ba. Abin da ya fara ba ni tsoro shi ne ranar da muka taso daga rijiya, ta sauke tulunta a hanya ta dafa bishiya. Matar da ke yini tana ɗaga taɓaryar ƙarfe.

"Ƙanwata, tsaya. Numfashin ne ba ya kai mini ƙasa."

A likitar Magarya, wato asibitin garin, aka ce mai yiwuwa tarin fuka ne, aka ɗora ta a kan magani na watanni. Ta shanye shi tas, ba ta tsallake ko sau ɗaya ba. Aka ware mata kwano da moɗa, mata suka rage shigowa gidanmu. Ta ci gaba da ramewa. Sai majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, ya ce mu kai ta Damagaram a ɗauki hoton ƙirjinta.

Ni da Yaya muka raka ta. Lokotoron asibitin can ya ɗaga hoton wajen taga ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambaye ta aikin da take yi. Ta ce aikin gida. Yaya ya yi gyaran murya ya faɗi sauran. Lokotoron ya sa ya kwatanta masa turmin da rariyar da inda ake dakan. Bai yi faɗa ba. Ya ce ba zai rantse cewa abu ɗaya ne ya jawo ba, amma huhun ya yi tabo irin na masu fasa dutse, kuma tabon ba ya gogewa. Abin da za a iya shi ne a raba ta da ƙura da hayaƙi, a ba ta abin da zai sauƙaƙa numfashi.

A mota kan hanyar dawowa ita ta fara magana. Ta ce, "To ai ba na ɗauka ba ne. A mayar mini da kwanona cikin na mutane."

Yaya ya kife turmin ya ɗora masa dutse. Ya ce an gama, zai rushe tanderun. A gabana suka yi ta, shi yana tsaye, ita tana zaune a tabarma tana hutawa tsakanin kalma da kalma.

"Malam, in ka rushe, tabon zai goge?"

"Ba zan ƙara ganin garin nan a gidan nan ba."

"To kar a yi gari. A ba ni gutsattsari."

Ya fita. Bayan kwanaki ya dawo da gindin fararen kwalabe da ya yanke, masu faɗi kamar bakin moɗa. Aka shimfiɗa mata tabarma a ƙofar ɗakinta, nesa da hayaƙi. Ni nake fasa mata kwalabe a cikin bokitin ruwa, in tsamo gutsattsarin in wanke. Ita kuma ta riƙa ɗaukarsu da hantsaki tana jerawa a kan farin gindin, ɗaya bayan ɗaya. Wannan aikin ya fi son wuta, don sai gutsattsarin sun kwanta sun nutse a cikin na ƙasa. In wutar ta gaza su fito da kaifi, in ta yi yawa launukan su cakuɗe su zama ruwan kwata. Yaya ya lalata da yawa kafin ya gane launin da cikin tanderu ke yi in lokaci ya yi. Waɗanda suka tsira haske na ratsa su, ba kamar na gari ba. Takan sa in ɗaga mata su a rana, ta ce wannan ya yi, wannan kore ya danne shuɗin, a sake.

'Yar kolin ta ce sun yi nauyi a wuya, mata ba za su saya ba. Matar Yaya ta ce a bar mata kayanta. Ta ci gaba da jerawa har lokacin da ta kasa riƙe hantsakin. A ƙarshe ba ta iya kwanciya, sai a jingine ta da buhun gero, don in ta miƙe numfashin tsayawa yake. Ta rasu da hantsi, ana tsakiyar girbi, maza duk suna gona. Ni da Inna ne a kanta.

Wajen zaman makoki wata gwaggonta daga Waca ta faɗa da ƙarfi, yadda na waje za su ji, cewa an aurar da yarinya ga manomi an kashe ta da aikin bola. Yaya yana zaure, ya ji.

Bai ƙara hura wutar ba. Da aka kai amfanin gona gida ya ce zai tafi arewa wajen haƙar zinariya. Na ce masa can ma dutse ake daka, kuma a cikin rami. Ya ce ya sani. Yakan kira in ya samu layi, ya tambayi su Baba da yara, ya kashe kafin in tambaye shi lafiyarsa.

'Ya'yansu mata biyu suna hannuna. Ƙaramar a bayan uwarta ta yi wayo, ana daka tana goye. Bara da sanyi ta kama tari, ya ƙi tafiya. Ban gaya wa kowa abin da nake tsoro ba, na ɗauke ta a kabu-kabu muka tafi Magarya. Majo ya sa abin aunawa a ƙirjinta da bayanta, ya sa ta ja numfashi ta saki. Na ba shi labarin goyon duka. Ya ce yanzu dai mura ce yake ji, amma in riƙa kawo ta duk shekara a duba. Na tambaye shi har zuwa yaushe. Ya ce bai sani ba.

Muka sayi maganin mura, na saya mata rake a tasha, muka koma gida kafin la'asar.