Ɗumi a Taraktar Malam Hassoumi

Muntaka ya taso daga Paris da farar shadda, wai zai taya amininsa Malam Hassoumi aikin tarakta. Bai yi nisa da sallama ba ya ja wani tiyo da ba a ce ya ja ba, koren ruwan inji ya wanke masa gaban riga. Ya dubi kansa ya ce, "To, an yi mini rini kyauta."

Malam Hassoumi bai yi dariya ba, tsumma kawai ya miƙa masa.

Mutumin Tahoua ne Hassoumi. Karatun injinan noma ya kawo shi Faransa, amma yau shekara da shekaru yana aiki a wata maƙabarta a gefen Lyon. Idan sanyi ya shigo, shi ke ture ƙanƙara da 'yar tarakta, ya watsa gishiri don tsofaffi su kai ga kaburburan 'yan uwansu. A ɓangaren Musulmi ƙanensa Ilyes yake kwance. Kullum sai ya kashe inji a wurin ya yi masa addu'a.

Bara yatsunsa suka sandare a kan sitiyari. Likitan ma'aikata ya ce in aka sake, za a ɗauke shi daga maƙabartar a mayar da shi sito a cikin gari. Shi ya sa bana ya nemi izini ya rufe mazaunin direba da gilashi, ya toshe duk wata kafar iska. Ya canza mai da batir. Yanzu tiyo biyu yake ja daga inji zuwa wani ɗan akwati mai fanka a ƙarƙashin kujera, don ruwan zafi ya ba shi ɗumi. Yana ɗaurewa yana hura yatsunsa.

Muntaka ya gaji da shiru. Ya san Ilyes ya rasu a ɗakinsa yana ɗalibi, amma bai taɓa tambayar yadda aka yi ba.

"Malam, wannan wahala duk ta mece ce? Ka sa kaskon gawayi a gefen ƙafarka irin na gida, ka rufe ƙofa ruf, har shayi ka ɗora!"

Hassoumi ya ajiye sifana, ya nuna layin kaburbura da haɓa.

"Wanda ya yi wannan dabarar ga shi can, Ilyes, na huɗu daga bango. Ni na ɓalle ƙofarsa, garwashin bai ma mutu ba. Riƙe mini tiyon nan, Muntaka, ka rufe bakinka."