Shekarun da Gwaggo ke yawo da ni ƙauyuka

Ina da shekara goma sha ɗaya Gwaggo ta fara tafiya da ni wajen sana'arta. Ƙanwar babanmu ce, zawarci ya dawo da ita gidanmu a Bebeji, kuma abin da take yi shi ne kai 'yan mata aikatau gidajen masu hali a Kano da Kaduna. A gidanmu ba a ɗauki abin bakin komai ba. Wata na sayar da daddawa, ita tana kai yara.

Aikina shi ne a gan ni. Ni ce mai ƙiba a cikin yaran gidan, ba don cin daɗi ba, haka Allah ya yi ni. Ranar tafiya sai ta sa in yi wanka da sabulu mai ƙamshi, ta shafe ni da mai, ta ba ni atamfa da takalmi, waɗanda take karɓewa da zarar mun dawo. Mu hau babur zuwa Yako, ko mota zuwa ƙauyukan Tudun Wada. A tsakar gidan mutane, bayan an gama gaisawa, sai ta nuna ni ta ce wannan ma shekararta biyu a gidan wata Hajiya a Kano. Ni kuma in sunkuyar da kai in ce kullum da nama ake ci, kuma ana sa mu makaranta. A lokacin ban taɓa ganin Kano ba. A hanyar dawowa takan saya mini awara.

Iyaye mata kan shafa atamfar. Wata tsohuwa ta taɓa matsa damtsena kamar mai taya akuya.

A wata ruga wajen Doguwa aka ba mu wata yarinya sa'ata, doguwa siririya. Mahaifiyarta ba ta tambayi Gwaggo komai ba. Ni ta ja bayan bukka, ta ba ni nono a ƙwarya, ta jira na sha, sannan ta tambaye ni ko ana duka a can. Na ce ba a duka. A mota yarinyar ta tambaye ni ko gidan da na zauna za a kai ta. Na ce e, har na ƙara da cewa akwai bishiyar mangwaro a tsakar gidan. Wannan ba ya cikin abin da aka koya mini.

Bayan shekara biyu, wata rana da hantsi, yarinyar nan da mahaifinta suka yi sallama a ƙofar gidanmu. Yatsun hannunta na dama sun ƙanƙance. Man suya ne ya zubo mata, matar gidan da aka kai ta ta shafa mata man goge baki, ta ce ta ci gaba da wanke-wanke. Ba a kai ta asibiti ba, ba a kai ta makaranta ba, ƙofar gidan ma ba ta taɓa leƙawa ba sai ranar da ta gudu. Wani direban motar tumatir ne ya sauke ta a Tudun Wada.

Maza suka zauna a zaure, aka kira mai unguwa. Gwaggo ta ce ƙaddara ce, ko a ruga wuta na ƙona mutum. Yarinyar kuwa aka shigo da ita cikin gida, aka ce in kawo mata ruwa. Ina sanye da tsohon zanen da nake surfe da shi. Ta dubi zanen, ta dubi turmin da na bari.

“Nan ne gidanku?”

“Nan ne.”

“Ashe ba ki taɓa zuwa ba.”

“Ban taɓa ba.”

Ta karɓi kofin da hannun hagu, ta sha, ta ce ta gode. Na so in ce wani abu, amma Inna ta kira ni in duba tukunya, na tafi.

Mai unguwa ya yanke cewa Gwaggo ta kai ta asibiti. An kai ta sau ɗaya, likita ya ce an makara. Tun daga ranar Baba ya hana a fita da ni, ya ce na girma da yawon ƙauyuka. Gwaggo ta samu 'yar maƙwabta, ita ma mai ƙiba, suka ci gaba har ciwon gwiwa ya zaunar da ita.

Daga baya wata mai tallan nono ta gaya mini mutanen rugar sun tashi, sun yi kudu da shanunsu. Na tambaye ta yarinyar, ta ce ba ta san wacce nake nufi ba, don yaran da aka kai birni daga can suna da yawa.